Hannuna a Ƙarƙashin Gudumar Yaya

Mutane suna ganin yatsuna biyu na hannun hagu a karkace sai su tambaye ni ko haɗarin mota na yi. Wani lokaci in ce e don a wuce wurin, domin in na ce yayana ne ya fasa su, sai a zaci faɗa muka yi. Ba mu yi faɗa ba. Aiki muke yi a ƙasar mutane.

Ni sunana Nafi'u, sana'ata bugu. A Ƙofar Mata ta Kano na tashi, bayan marina, inda ake kawo mana shadda da rinannen yadi mu buga har su yi sheƙi. Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: mutum biyu ne suke zama suna fuskantar juna, gungumen icce a tsakaninsu, kowa da gudumar icce mai nauyi a hannun dama. Hannun hagu shi yake jan yadin yana juya shi a kan gungumen. Ka buga, ɗan'uwanka ya buga, a ɗan tsakanin nan kake zura hannu ka ja. Ba a kallon hannu, kunne ne yake aiki. Shi ya sa ba a bugu da kowa. Ni da Yaya Tasi'u nake yi tun ina ƙarami, ɗan wan mahaifina ne, shi ya koya min. Mutum ne mai barkwanci, in muna bugu har waƙar tsokana yake yi wa masu wucewa, gudumar tana ba shi kiɗa.

Aiki ya ja baya a gida, mutane sun koma ga dutsen guga da injin, sai mu wuni a rumfa muna korar ƙuda. Ana nan wani dillali da ake kira Sale ya ce a Abijan ana neman masu bugu ruwa a jallo, ga ɗaki ga abinci. Yaya yana da mata da yara huɗu. Ya dube ni, na dube shi, shi ke nan.

Sale ya raka mu har iyakar Seme. A nan ya ce mu jira shi a gindin wata rumfar mai shayi zai je ya ga jami'ai, ya tafi da abin da muka ba shi na hanya. Muka sha shayi, muka yi azahar, muka yi la'asar. Mai shayin ya gaji da ganinmu ya ce, "Malamai, mai jar hular nan kuke jira? Ai tun ɗazu ya hau mashin ya koma." Wallahi na so in zagi uwar kowa a wurin. Yaya kuwa dariya ya yi, ya ce, "Nafi'u, ka ga mun rage kaya. Dama warin hammatarsa ya ishe ni a mota." Ina tuna wannan dariyar sosai, domin ban ƙara jin irinta ba sai bayan shekara guda da wani abu.

Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa muka ci gaba. A Kwatano muka yi dako a kasuwa har muka haɗa na mota. A Lome muka sayar da wayar Yaya. A Akara wani direba Bazabarme ya ɗauke mu a kan mu riƙa loda masa kaya muna saukewa. Duk shingen da muka zo, a sauke mu, a yi mana yaren da ba ma ji, a juya takardunmu sama da ƙasa kamar ana duban ƙwai. Baƙo ko da ido makaho ne, mun gani a jikinmu.

A Abijan, unguwar da ake kira Ajame, Allah ya haɗa mu da Malam Idi, mutumin Tawa ta Nijar, mai sayar da garba, wato garin rogo turarre da soyayyen kifi. Ya ji muna Hausa a bakin teburinsa muna shawarar mu sayi kwano ɗaya mu raba. Ya zuba mana biyu ya ce, "Ku ci, Kanawa, kwa biya in kun yi arziki." Shi ya ba mu gefen shagonsa muke shimfiɗa kwali, shi kuma ya kai mu wurin Siyaka.

Siyaka Bajula ne, wato ɗan ƙabilar Julawa 'yan kasuwar can, yana da wata doguwar rumfar kwano da gungume fiye da goma a jere. Ya taɓa fataucin goro zuwa Kano, don haka yana jin Hausar kasuwa. Ya ba mu shadda ɗaya ta gwaji. Muka zauna muka yi mata irin bugun gida, ya ɗaga ta a rana, ya gyaɗa kai. Na ce a raina, to, wahala ta ƙare.

Ashe ba a ɗaukar mutum aiki a wurin. Kullum da safe ake ɗaukarka, da yamma an sallame ka. Sai mu taru a bakin rumfa, mu fi gungumen yawa nesa ba kusa ba, mutanen Mali da na Gini da mu. Siyaka ya fito da asuwaki a baki, ya cire shi, ya riƙa nuna mutane da shi bibbiyu: "Ku. Ku. Ku." Wanda asuwakin ya tsallake, ya kama gabansa, babu abinci ranar. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya ma kallon fuskarka. Jiƙaƙƙen bakin asuwakin nan kawai za ka zuba wa ido yana tahowa ta kan layi. Na ga ƙato mai gemu yana ƙanƙan da kai a gaban ɗan itacen da bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Watannin farko asuwakin bai cika tsallake mu ba. Yaya yana aika wa iyalinsa, in ya ari wayata ya kira matarsa Sa'a sai ka ji yana cika baki: "Ke dai ki yi ta addu'a, nan garin kuɗi ne, kifi har mun gaji da shi." Amma na lura tun asuba yake fara tambayata, "Kana ganin yau za a nuna mu?" In ce in sha Allahu. Kafin mu isa rumfa ya sake tambaya sau uku.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. In na farka in same shi zaune, ya ce ƙarar bugu yake ji a kansa, kwam-kwam, kwam-kwam, ba ta tsayawa. Ya koma shan baƙin kofi irin na masu tura amalanke, kofi a kan kofi, wai don kada hannunsa ya mutu. Ya daina waƙa. Ya daina cinye garbarsa. Wata safiya muna kan layi, asuwaki yana tahowa, sai ya damƙe min hannu, tafinsa sharkaf da gumi, ya ce a hankali, "Nafi'u, ƙirjina. Numfashina ba ya sauka. Mutuwa zan yi." Aka nuna mu, na ja shi muka shiga. Bayan ɗan lokaci abin ya sake shi, ya ce kada in kuskura in faɗa wa kowa.

Ban faɗa ba. Yayana ne, shi ya riƙe min hannu ya koya min guduma, da wane baki zan ce masa kansa ba daidai yake ba? A gidanmu ƙane ba ya tambayar wa abin da yake damunsa, sai dai ya jira a gaya masa. Kuma akwai abin da dukkanmu muke tsoro ba ma ambata: muna yara akwai wani kawunmu da aka ɗaure da mari a ɗakin zaure, muna leƙensa ta kafar ƙofa. Na san shi Yaya yake gani in ya rufe ido, domin ni ma shi nake gani.

Abin da na iya shi na yi. A wurinmu in abokin bugunka ya gaji ba ka ce masa ya gaji, sai ka sassauta hannunka, shi ma ya bi ka, babu wanda ya ji kunya. Haka aka koya mana. Na riƙa jan bugun a hankali don Yaya ya samu ya bi. To amma a rumfar Siyaka ba sheƙi kaɗai ake dubawa ba, tsayin tulin da ka gama ake kallo da yamma. Namu ya riƙa gajarta. Asuwaki ya tsallake mu ran Talata, ya sake tsallake mu ran Alhamis. Ranar Yaya ya zauna a bayan shagon Malam Idi yana kallon tafin hannunsa har rana ta faɗi. Maganin da na yi masa shi ya ƙara masa ciwon.

Malam Idi ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin nan ba lafiya gare shi ba. Na ga irin haka a nan ba sau ɗaya ba, garin nan yana cin mutane ta ka. Ka kai shi gida."

Na ce, "Da me, Malam Idi? Mu koma mu ce wa Sa'a me?"

Ya ce, "Ku ce mata kun dawo da rai."

Na ji haushinsa a lokacin, har na ce a raina mai kifi me ya sani.

Babbar Sallah ta matso, shadda ta yi tuli a rumfar har rufi. Wata yamma Siyaka ya yafito ni ni kaɗai. Ya ce, "Kai hannu mai kyau. Yaya naka ya gaji. Akwai yaro na Gini, ƙarfi kamar doki, ba shi da aboki. Gobe kai da shi. Kullum aiki, babu layi."

Babu layi! Wallahi sai da maganar ta yi min daɗi a kunne, ba zan ɓoye ba. Na waiga, sai na hango Yaya a bakin rumfa yana kallonmu, ya rungume gudumarsa a ƙirji kamar jariri. Na ce wa Siyaka, "Maigida, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka ba mu zuwa Sallah, za ka ga tuli." Ya mayar da asuwakinsa baki ya ce, "Zuwa Sallah."

A hanya Yaya ya ce, "Me ya ce maka?"

Na ce, "Yabon aikinmu ya yi."

Ya tsaya cak a tsakiyar titi, masu mota suna ta yi mana hon. Ya ce, "Nafi'u, ni za ka yi wa ƙarya? Sayar da ni za ka yi. Na ji suna faɗa, duk rumfar maganata suke yi." Mutanen da ko yarensu ba ya ji! Na rantse masa da Allah, na rantse da kabarin kakanmu. Ya bi ni muka tafi, amma daga ranar in na miƙa masa ruwa sai ya shinshina kafin ya sha. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin mutumin da yake kwana a gefena da fuskar Yaya yake, amma ban san wanda yake kallona ta cikin idon ba.

Washegari na ɗaga bugun. Dole tuli ya tashi. Na riƙa saukar da guduma da sauri ina cewa, "Bi ni, Yaya, bi ni!" Ya bi, gumi yana zuba daga haɓarsa a kan shaddar mutane, idonsa ja wur. Kwana biyu muka yi haka, tulinmu ya kamo na kowa. A rana ta uku da hantsi muna kan wata farar shadda, ni na zura hannu zan juya ta, sai inuwa ta faɗo a bakin rumfa. Siyaka ne ya shigo, ya cire asuwaki ya nuna wani abu ta bayanmu, ina jin ɗan aike yake kira ko mai ruwa. Yaya ya ɗaga kai ya ga asuwakin ya nufo shi. Gudumarsa ta sauka ba a lokacinta ba.

Ban ji zafi nan take ba, ƙarar na ji, ba irin ta icce a kan icce ba. Na duba na ga jini yana bin farar shaddar. Duk masu bugu a rumfar suka tsaya lokaci ɗaya. Yaya ya kalli hannuna, ya kalli gudumarsa, ya saki wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya watsar da ita ya fita da gudu ba takalmi.

Aka naɗe min hannu da ƙyalle, wani ɗan Mali yana ta ja na zuwa wurin mai magani, ni kuwa ina fizgewa. Ajame ba unguwa ba ce da za ka saki mai lafiya ma a cikinta, balle wanda ba ya cikin hayyacinsa, ba ya jin yaren kowa, ba takarda a jikinsa. Motoci kamar su hau kan juna, ga babbar gada, ga 'yan sanda. Na taɓa ganin yadda yara suke bin wani tsirara da jifa a bakin tasha, abin da yake ta zuwa min ke nan. Na riƙa kutsawa cikin kasuwa ina riƙe da hannu sama, ina kiran "Yaya Tasi'u! Yaya!" mata suna kaucewa suna zaton ni ne mahaukacin. Malam Idi ya bar teburinsa da kifi a kan wuta, ya aika wa duk masu garba 'yan ƙasarsu cewa a duba wani Bakano dogo mai shuɗin farce.

Gab da magariba aka same shi, a bayan wani ƙaramin masallaci wurin alwala. Yana tsugune a cikin ruwan, yana dukan cinyarsa da dunƙulallen hannu, kwam-kwam, kwam-kwam, daidai yadda muke bugu. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na kashe Nafi'u. Me zan ce wa babansa?"

Na ce, "Ga ni, Yaya. Yatsa ne kawai."

Ya ce, "Kar ka bari su sa min mari."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban mutane suna alwala. Na ce, "Wallahi ba mai sa maka mari ina raye. Gida za mu."

Siyaka, tsakani da Allah, shi ya biya aka ɗaure min yatsun, kuma bai ce komai a kan shaddar da ta ɓaci ba. Washegari da safe ya fito da asuwakinsa kamar kullum, wasu biyu suka zauna a gungumenmu. Malam Idi kuwa ya samo mana wani direban motar goro da zai zo har Kano, ya roƙe shi ya ɗauke mu. Ya ƙulle mana garba a leda, na ce masa ban san ranar da zan biya shi ba. Ya ce, "Kai dai riƙe shi da hannun da ya rage."

Haka na yi. A saman huhunan goro muka dawo, na ɗaure zanen rufata a ƙugunsa na ɗaura a nawa, don kada ya yi tsalle mota tana tafiya. Duk shingen da jami'i ya ɗaga sanda ya nuna motarmu, sai jikin Yaya ya ɗauki ɓari, in rungume kansa in riƙa karanto masa duk abin da ya zo bakina. Hannuna ya kumbura kamar gwanda, yana zogi da kowane rami. Ban runtsa da kyau ba sai da na hango dutsen Dala.

A gida kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce Julawa ne suka yi masa sammu. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da wani kawu ya fara zancen a kai shi wani gida a ƙauye inda ake tsare irinsu, na miƙe a tsakar gida na ce duk wanda ya taɓa shi sai dai ya fara ta kaina. Ban taɓa ɗaga wa manya murya ba sai ranar. Sa'a ce ta goyi bayana, ita da wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, muka sa shi a adaidaita muka kai shi asibiti. Likitan ya daɗe yana yi masa tambayoyi, sannan ya ce ciwon firgici ne da damuwa, rashin barci da zullumin kullum suka tara masa, kuma ana samun sauƙi. Yaya ya ce, "Likita, ba hauka ba ne?" Likitan ya ce, "Ciwo ne, Malam Tasi'u, kamar yadda hannun ƙanenka yake ciwo." Aka ba shi magani, aka ce ya riƙa dawowa ana ganinsa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Ya daɗe ba ya bin hanyar marina, in ya jiyo bugu daga nesa sai ya toshe kunne. Ni na koma rumfarmu ta da, yatsun sun warke a karkace, ina bugu da duk wanda ya samu, aikin dai ga shi nan, yau akwai gobe babu.

Wata ranar Laraba da hantsi ina zaune ni kaɗai, an kawo wani rinannen yadi, abokin bugun nawa bai zo ba. Sai na ga mutum ya cire takalmi ya zauna a ɗaya gefen gungumen. Yaya ne. Ya rame, amma idon nasa ne. Ya ɗauki guduma ya jinjina ta. Duk 'yan rumfar suka yi kamar ba su gani ba, amma hannun kowa ya tsaya.

Na shimfiɗa yadin a kan gungume. Saura in ɗora hannun hagu in riƙe gefensa. Wallahi hannun nan ya ƙi tafiya. Ina ce masa je ka, yana maƙale a cinyata, yatsun biyu suna zogi kamar ranar aka fasa su. Yaya yana kallo.

Ya ce, "Nafi'u, in tsoro kake ji ka faɗa min. Ba zan ji haushi ba."

Ƙarya ta zo min har baki, irin wadda na saba yi masa a Abijan. Na haɗiye ta na ce, "Tsoro nake ji, Yaya."

Ya ce, "Ni ma."

Sannan ya ce, "To a hankali. In na gaji zan ce na gaji, kai ma kar ka rufa min."

Na ɗora hannun. Na buga, ya buga, na ja yadin.

Yau muna bugu tare, ba kullum ba, ranar da ya ji ba zai iya ba yana faɗa, in nemi wani. Har yanzu duk safiyar da zan ɗora hannuna a kan gungumen nan sai gabana ya faɗi, shi ma ya sani. Ina ɗorawa.